Durowa Ta Sha Takwas

Paris, Talata, 5 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Armelle, babbar marubuciyar Montreal,

Ina gaishe ki gwargwadon nisan da ke tsakaninmu, kin ga kenan gaisuwar ba ƙarama ba ce. Yaya sanyin naku? An ce har yanzu da shebur kuke tono motocinku daga cikin dusar ƙanƙara kowace safiya. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ta yi ritaya ta bar sauran jikin a bakin aiki. Likita ya hana ni cuku. Na ce masa to, na fito na saya, don kada mai cukun ya ɗauka na mutu.

Kin ce in riƙa kiran waya. Ba zan kira ba. A waya ke ce mai magana, ni kuma ina ta "Na'am? Me kika ce?" A takarda kuwa ba mai katse ni. Ki yi haƙuri da rubutun. Wanda ya bar aji yana ɗan sha uku ya tafi dakon naman sa a kasuwa, ƙugiya hannunsa ya sani, ba alƙalami ba.

Yanzu ga maganar. Ranar Alhamis na tafi cin abincin rana gidan Madam Odile, kamar yadda na saba shekara arba'in da ɗaya. Sai na tarar da layi tun daga ƙofarta har bakin kantin magani. Na cire hula, don na ɗauka Madam ce ta rasu aka zo gaisuwa. Ina tsaye ina shirya fuskar makoki, wata mata mai rigar ruwa rawaya ta dube ni, ta dubi wayarta, ta sake dubana, ta ƙwalla ihu kamar ta tsinci ɗanta da ya ɓata. Ta miƙo mini wayar. Ni ne a ciki, baki buɗe, adiko a wuya, cokali na kan hanya. Hoton nan da kika ɗauka tun uwarki na da rai. A samansa an rubuta: "Ɓoyayyun wuraren cin abinci goma a Paris." A ƙasa ga sunanki da na kamfaninku na yawon buɗe ido.

To 'yata, ni ban yi karatu ba. Amma in wuri ɓoyayye ne, kika rubuta lambar titinsa da lokacin buɗewa, sai ya koma me?

Na karanta har ƙarshe. Wai "a jikin bango akwai tsohon kabad mai ƙananan durowoyi arba'in, inda 'yan gida ke ajiye adikon goge bakinsu a naɗe cikin zoben katako, al'ada mai ban sha'awa." Mai ban sha'awa! Birai ne mu a keji? Kin manta ba ki rubuta cewa durowar nan ba a sayenta, ba a roƙonta ba. Shekara uku na yi ina goge baki da takarda kamar ɗan hanya, kafin tsoho, uban Madam, ya dube ni wata rana ya ce, "Sha bakwai." Lambar durowata ce, iyakar jawabin kenan. Uwarki Huguette ta samu sha takwas cikin wata biyu, don ita ta iya murmushi.

Da ƙyar na kutsa ciki. Farfesun kan maraƙi na ranar Alhamis ya ƙare kafin in zauna. Farantin ƙarshe wani dogo mai jakar goyo ya samu. Ya ɗauke shi hoto ta gabas, ya ɗauke shi ta yamma, ya tsokane shi da cokali mai yatsu kamar zai farka, sannan ya ture ya ce a ba shi dankali. Ferdinand, abokina tsohon ɗan tasi, sai da ya riƙe mini hannu.

Madalla da ke. Allah ya yi miki albarka. Gida ya cika ya batse. In da saura a can wajenku, ki tattaro ki turo mana, ai bakin titi bai cika ba tukuna.

Ubanki, shahararren mai buɗe baki,
Norbert

*

Montreal, 13 ga Afrilu

Babana,

Na karanta wasiƙarka a tsaye a tashar jirgin ƙasa, ina ta dariya mutane na kallona. Ni lafiya lau, aiki ne kawai ya sha mini kai. Don Allah ka bar cukun nan. Maganin gwiwar da na aiko kuma na shafawa ne, ba na ado a kan firij ba.

Ka faranta mini rai. Da fargaba na sa hoton nan, na ɗauka za ka yi faɗa. Na san ƙorafi a wajenka kamar tari ne, sai ya fito, amma ƙarshen wasiƙar ya nuna mini ka ji daɗi, har da sa albarka.

Tunda ka ce in turo, to ga su nan tafe. Mutum goma sha biyu ne, duk dattawa 'yan fansho, za su iso wajenku ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga wata. Na kama musu wuri a gidan Madam. Alfarma ɗaya nake nema: ka tarbe su ƙarfe tara a gindin doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta Paris, ka hau da su, ku shiga jirgin ruwa, sannan ka kai su cin abinci. Sun ga hotonka, sun ƙosa su gan ka ido da ido. Shugabansu Mista Gauvin ne, tsohon likitan haƙori, mutumin kirki.

Ka sa jaket mai ruwan toka, ba mai ƙunar sigari ba.

'Yarka,
Armelle

*

Paris, Jumma'a, 22 ga Afrilu

Armelle,

Ina fata kina lafiya. Ni ba ni da ita, kuma ba gwiwa ba ce.

Shekara nawa kika yi a makaranta? Na ƙirga, sha tara. Duk a cikinsu ba a koya miki gane lokacin da ubanki ke tafasa ba? In na ce wa mutum madalla sau ɗaya, godiya ce. In na haɗa da sa albarka, ya nemi wajen ɓuya. Uwarki ko daga ƙarar takalmina tana ganewa.

Wasiƙarki ta zo saura kwana biyu, ba halin in mayar da su. Ba zan bari a ce uban Armelle ya bar tsofaffi a titi ba. Na sa jaket ɗin, na je.

Shekarata saba'in da huɗu a garin nan ban taɓa hawa ƙarfen nan ba. Na san shi kamar yadda na san hancina: kullum yana gabana, ban taɓa jin sha'awar hawansa ba. Awa biyu muka yi a layi. Da muka kai sama iska ta ɗauke mini hula, ina ji ina gani ta nufi wajen kogi, ita ma ta tafi buɗe ido. Suka ce in nuna musu unguwarmu. Na nuna wani wuri da yatsa, duk suka ɗauki hoto. Allah kaɗai ya san unguwar wa suka kai Kanada.

A jirgin ruwa suka dame ni da tambaya. Wa ya gina gadar nan? Na ce wani sarki. Wanne? Na ce wanda aka sare wa kai. Wancan gidan fa? Na ce na ƙaninsa ne. Wata tana rubutawa a littafi. Ni tarihin da na sani shi ne wane mahauci ke sa yatsa a kan sikeli.

Duk wannan na yafe. Ga wanda ban yafe ba.

Da muka isa gidan Madam, na tarar ta haɗa tebura huɗu, har da nawa na ƙarƙashin agogo, ta ɗora takarda wai an kama. Ferdinand na can lungu bakin ƙofar bayi yana cin abinci a kan gwiwa. Na haɗiye. Ina cikin rataye jaket, sai na ji dariya a bayana. Na juya. Mutumin kirkin naki ne, likitan haƙori. Ya je wajen kabad, ya ja durowa ta sha takwas, wai ranar haihuwar matarsa ce. Ya zare adikon uwarki daga zobe, ya cusa a wuyan riga, ya ɗaga cokali, ya wage baki kamar ni a hoton. Sha ɗaya na ɗaukarsa.

Ban san lokacin da na isa wajen ba. Hannun da ya shekara arba'in yana ɗaukar cinyar sa bai manta aikinsa ba. Sai ga likita a tsaye kan yatsun ƙafa.

Madam ta fito daga kicin da ludayi. "Norbert, sake mutumin nan."

Na ce, "Odile, durowar Huguette ce!"

Ta ce, "Na san lambobina. Sake shi, baƙo ne, bai sani ba."

Na ce, "Shi baƙo ne. Ni fa?"

Ta ce, "Kai ai kujera ne, kullum kana nan. Je ka tsaya wajen kanta, zan kawo maka naka."

Kujera, Armelle. A gaban 'yan Kanada. Ta karɓi adikon daga wuyansa, ta ninke shi yadda ta ga dama, ba yadda uwarki ke ninkewa ba, ta mayar, ta ce musu su zauna miya na hucewa. Shi kenan. Ko harara ba ta yi masa ba.

Na ɗauki jaket. Na ce, "In na sake tako ƙofar nan, ki kira ni ɗan yawon buɗe ido."

Ta ce, "Ka ja ƙofar in ka fita, iska na shigowa."

Yau da rana kifin gwangwani na ci a tsaye gaban taga. Na kuma zare wayar gidan daga bango, kada ki wahalar da yatsa.

Norbert, kujera

*

Montreal, 29 ga Afrilu

Baba,

Ina fata gwiwar da sauƙi. Ni kam kwana uku ina ba da haƙuri a ofis. Mista Gauvin ya dawo da shaida a wuya. Shekararsa saba'in da takwas, Baba! Da ya faɗi fa?

Na yarda ban fahimci wasiƙarka ta farko ba. Amma kai ma tun ina ƙarama haka kake: ba za ka taɓa cewa "wannan ya ɓata mini rai" ba, sai ka naɗe shi cikin barkwanci ka miƙo, in mutum ya yi dariya ka ce ba shi da hankali. Ina zan san wace dariyar ce ta gaske?

Mutumin ya yi kuskure, ban musa ba. Amma ƙyalle ne, Baba. Ƙyalle ne a cikin durowa. Mama ta shekara shida da rasuwa, ba ta cikin kabad ɗin Madam. Saboda ƙyalle za ka shaƙe tsoho, ka bar wurin da ka fi so a duniya, ka koma cin gwangwani? Madam tana da gaskiya, gidan abinci take riƙe da shi, ba hubbare ba.

In ka rantse ba za ka koma ba, akwai sauran wurare tara a jerin nan nawa. Na huɗun bai fi tafiyar minti goma daga gidanka ba. Ka gwada, duniya ba ta ƙare a ƙarƙashin agogon Madam ba.

Kuma ka mayar da wayar nan.

Armelle

*

Paris, Jumma'a, 6 ga Mayu

Zuwa ga mai ba da shawara,

Gwiwa na gaishe ki. Ta ce ita ma ƙashi ne kawai a cikin fata.

Na bi umarninki, na je na huɗun. Mai kawo abincin ya fi ni kyan jaket. Ya ajiye mini faranti mai faɗin tayar mota, a tsakiyarsa wani ɗan nama kamar maɓallin riga, da wake guda uku, da wani kumfa a gefe kamar an tofa. Ya tsaya yana yi mini bayanin garin da saniyar ta girma da irin ciyawar da ta ci. Na ce, "Ɗana, na ji labarinta, yaushe za ta iso?" Bai yi dariya ba. Na cinye kafin ya gama juyawa. Da na fito na sayi burodi na ci a kan benci, tantabaru na yi mini kallon ɗan'uwa.

Yanzu zauna, in kina tsaye a tasha ne ki nemi wuri. Zan faɗa miki abu ba tare da barkwanci ba, tunda kin ce ba kya ganewa.

Kin san dokar tsoho, uban Madam, ko da yake ba ta shiga rubutunki ba. Ranar Litinin ake kwashe adiko a kai wanki. Wanda nasa ya fito tsaf Litinin huɗu a jere, ya bar gida kenan. A kankare sunansa, zobensa ya shiga murhu. Ba a taɓa ɗaga wa kowa ba, ko ƙanin tsohon da ya kwanta asibiti. Durowa talatin da uku sun tafi a haka, kabad ɗin ya koma kamar bakina, giɓi ya fi haƙori yawa. To ke mai shekara sha tara a makaranta, ba ki taɓa tambayar kanki yadda matar da ta shekara shida a ƙasa har yau sunanta ke jikin durowa ba?

Ni ne. Kowace Alhamis in na gama kan maraƙi, sai in jira Madam ta shiga kicin. In buɗe sha takwas, in goge bakina da adikon uwarki, in ninke shi uku yadda take yi, in mayar cikin zobe. Ranar Litinin ya fito da maiƙo kamar na kowa. Doka ba ta ce a duba bakin wa ba. Alhamis ɗari uku da ɗoriya, ban tsallake ko ɗaya ba, har ranar da aka cire mini haƙori. A wajen mutanen gidan nan, Huguette tana cin abincin rana sau ɗaya a mako. Ba wanda ya sani, ko Ferdinand.

Shi ne ƙyallen da kike faɗa.

Kin ce ba ta cikin kabad. Na sani, ni na zuba ƙasar farko. Amma ke da kika san inda ba ta, kin zo ko sau ɗaya kin ga inda take? Tun ranar jana'iza ba ki sake taka garin nan ba. Kina aiko mini da mutane dozin dozin su ga Paris, ke kuma sai magani a ambulan.

Ranar da na shaƙe likitanki ban samu gogewa ba. Litinin biyu sun wuce, adikonta ya fito tsaf. Saura biyu. Kada ki ce in koma. Na rantse a gaban 'yan Kanada goma sha biyu da Ferdinand, kuma matar da ta kira ni kujera ba ta aiko ko da gaisuwa ba. Kullum da rana nakan bi ta ɗaya gefen titin, in ga layi, in wuce. Ba leƙe nake ba. Hanyar kantin magani ce.

Ubanki

*

Montreal, Jumma'a, 13 ga Mayu

Babana,

Na kira sau goma sha ɗaya. Na aiko wannan ta gaggawa, Allah ya sa ta riga Litinin.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na janye kalmar nan, da zan iya da na haɗiye ta.

Ni ma ina da abin da na ɓoye maka. Ba ni na zaɓi gidan Madam ba, ita ta rubuto mini a watan Janairu. Ta ce kujera ashirin da huɗu take shimfiɗa wa tebur kullum, tsofaffi shida ke zuwa, biyu daga cikinsu miya kawai suke iya sha. Wani mai sayar da ƙananan hasumiyoyin roba ya zo sau uku yana auna bangonta da ido. Ta ce in ba a samu masu ci ba kafin bazara, za ta miƙa masa makulli, kabad ɗin kuma ya tafi wajen 'yan gwangwan. Ta ce, "Kada ki gaya wa ubanki. Zai riƙa zuwa yana cin abinci sau uku a rana don ya cece ni, ya mutu mini a kan tebur."

Shi ya sa ba ta iya korar Mista Gauvin a gaban mutane ba. Layin da kake zagi shi ya riƙe durowar Mama a bango.

Maganar rashin zuwana kuma, gaskiyarka. Ba aiki ba ne. Kujerar da ke kusa da taka ce ba na son gani babu kowa a kai. Kai ka iya zama kusa da ita shekara shida, ni ko rana ɗaya na kasa.

Ka koma, Baba. Ta kira ka duk abin da za ta kira ka. Ka koma kafin Litinin.

'Yarka,
Armelle

*

Paris, Jumma'a, 20 ga Mayu

'Yata Armelle,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, sai dai mutuncina da ke jinya.

Ta gaggawar taki ta iso ranar Laraba. Litinin ta huɗu ta riga ta wuce da kwana biyu. Na karanta sau uku, na zagi Madam, na zage ki, na zagi mai hasumiyar roba, da na rasa wanda zan zaga na koma kaina, a nan na fi daɗewa. Jiya Alhamis na ce bari in je in karɓi ko tokar zoben ce.

Na bi layi, Armelle. Ni. Minti arba'in, tsakanin wasu masu sabon aure da wani mai sandar ɗaukar hoto. Biyu sun gane ni, na ce ƙanina ne, ya rasu.

Da na kai ƙofa Madam ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Barka da zuwa Paris, yallaɓai ɗan yawon buɗe ido. Mutum nawa?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "Kana jin yarenmu, ko in kawo takardar jerin abinci mai hotuna?"

Ferdinand ya shaƙe da burodi. Na wuce su na nufi kabad. An ɗaura masa igiya a gaba yanzu, da allo wai kada a taɓa. Na duba. Sha bakwai, sunana na nan. Sha takwas, Huguette na nan, ba a kankare ba. Na ja tawa. Adikona na ciki, da wani ƙaton tabo kore shar a tsakiya. Na ja ta uwarki. Kore.

Alayyafo, Armelle! Na ranar Talata! Shekara arba'in da ɗaya gidan nan ya san Norbert ba ya cin abincin zomo. Yanzu mai wanki ta kai labari unguwa cewa na tsufa har na fara kiwo.

Na ɗaga adikon na ce, "Odile, mene ne wannan?"

Ta ce, "Huguette ta koma zuwa ranar Talata. Ita ba ta da girman kai, abin da aka dafa take ci."

Na ce, "Nawa fa?"

Ta ce, "Kai ma ka ci. Har ƙari ka nema."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta matso, ta rage murya, ta nuna mini madubin da ke bayan kanta da ludayi. Ta ce, "Daga kicin ina ganin kabad ɗin nan tsaf ta cikin wancan. Shekara shida. Ka ɗauka me nake yi a ciki duk Alhamis in ka gama ci? Gishiri nake tsincewa? Jira nake ka gama ninke-ninkenka, tsohon banza, kafin miyata ta ƙone."

Wani abu ya faɗa mini a ido. Albasar gidan nan ta yi ƙarfi bana.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Ta ce, "Amma ya isa haka. Ubana ya ce durowa ta mai ci ce. Na rufe ido shekara shida, na yi wa doka ƙarya wata guda da hannuna. Huguette ta ƙoshi, Norbert. Kuma tana da 'ya." Ta ciro alƙalami daga aljihun gaba, a ƙarƙashin sunan uwarki ta rubuta naki. Ba ta kankare na saman ba. Ta sa sabon adiko fari fat a cikin zoben, ta tura durowar. Ta ce, "Litinin huɗu. In ya fito tsaf, zobe ya shiga murhu, sunaye biyun su bi shi. In kuma na ga gashin bakinka kusa da shi, naka ma ya bi."

Sannan ta kawo mini kan maraƙi. Ashe ta ajiye faranti ɗaya a gefe duk Alhamis ɗin nan, in ban zo ba Ferdinand ke cinyewa. Maci amana ya yi ƙiba, ya kuma yi shiru.

Akwai sabuwar doka: masu durowa su shigo ta ƙofar kicin sha ɗaya da rabi, kafin a buɗe wa layi. Teburin ƙarƙashin agogo kuma ba a sake kama shi.

Kada ki ɗauka na huce. Mata biyu sun haɗa kai sun mayar da ni abin kallo don su ceci gidan da ni ya kamata a fara gaya wa. Ki gaya wa likitan haƙorinki na ba shi haƙuri, amma rabi, sauran rabin nasa ne.

Ba zan ce ki zo ba. Ni ba na roƙo. Lissafi kawai nake yi miki, tunda shi kaɗai na iya a makaranta: Litinin ɗin ashirin da uku ga wata, ta talatin, ta shida, ta sha uku. Kujerar da kike tsoro kuma, katako ce kawai, ƙafarta ɗaya ma na rawa. In an zauna a kai ba ta zama babu kowa.

Ubanki, mai cin alayyafo,
Norbert

*

Montreal, 26 ga Mayu

Baba,

Lafiya lau. Zan sauka Laraba, takwas ga Yuni, da safe. Ka ce wa Madam ta ajiye kan maraƙi biyu ranar Alhamis. Ban taɓa son sa ba, amma ya fi komai maiƙo.

Ba na son ganin hasumiya. Kada ka sa jaket mai ruwan toka, ka sa mai ƙunar sigarin.

Armelle

*

Paris, Laraba, 1 ga Yuni

'Yata,

Gwiwa ta ji labari, ta fara rawa ba izini.

Na isar da saƙonki. Madam ta ce kan maraƙi ba a ajiye wa baƙo. Na ce ai sunanki na jikin durowa. Ta ce suna tawada ne, ba ki zama 'yar gida ba sai kin ɓata adiko. Saboda haka ranar farko ba ki da ƙofar kicin. Ta gaba za ki bi, ki shiga layi kamar kowa.

Na so in yi faɗa, sai na tuna wa ta haifi layin.

Jiya ya kai har gaban gidan burodi. Ki sa takalmi mai daɗi, mu fito tun goma. Na sayi kujerar naɗi guda biyu, da sabuwar hula wadda zan ja har hanci. In wani ya gane ni, ke za ki yi masa bayani.

Ubanki,
Norbert, sha bakwai